Ranar da Ƙararmu Ta Makara

Shekarun baya, lokacin ina da sauran ƙarfin yin musu, akwai wata majalisa da muke zama a Karaye, a bakin garejin wani abokina. Abin da ya tuna min da ita shi ne jiya na ga kun sake ɓarkewa da gardama a shafin nan na intanet, a ƙarƙashin hoton wata motar lantarki, wasu na cewa ita ce motar gobe, wasu na cewa firji ne aka sa wa tayoyi. Na riga na ga inda irin wannan gardama take kai mutane, kuma har yau in na tuna sai in ji wata irin gajiya ta sauko min. Bari dai in ba ku labarin, in ya so kowa ya koma kan musunsa.

Mu 'yan majalisar nan babu wani mai hali a cikinmu. Akwai malamin makaranta, akwai mai shagon taki, sauran kuma irina ne, masu zuwa ofis da safe su dawo kafin azahar. Son mota ne kawai ya haɗa mu. Ni tawa motar ko ɗan tudu ta gani sai an lallashe ta, amma in ana zancen inji bakina ya fi na kowa. Na san sunan motocin da ko a mafarki ban taɓa shiga ba.

Wanda ya isa a kira shi mai mota a cikinmu shi ne abokin nan nawa, mai garejin. Tare muka tashi, tare muka yi makarantar allo. Yana da wata tsohuwar mota 'yar Jamus da ya saya tana gwangwani, kaji na ƙwai a cikinta. Shekara da shekaru ya yi yana haɗa ta, yau ya samo wannan a Kano, gobe ya ciro wancan a jikin wata da ta mutu. Ya yanke salansar ya sake mata wata. Ranar da ya fara tayar da ita, mutane suka fito daga shaguna suna tambayar lafiya. Tun daga nan garin ya san shi da ita. Ko baƙo ne ya zo neman garejin, sai a ce masa ya tsaya ya saurara, zai ji. A gidansu shi ne wanda bai yi nisa a boko ba, kuma na san motar nan ce abin da yake ɗaga kai da shi a gaban kowa.

Muna da wata al'ada. In an yi la'asar ranar da babu aiki, sai mu fita hanyar Rogo, inda kwalta ta miƙe, mu ɗan buɗe wa motocin wuta. Ba mu taɓa tura wani ya share mana hanya ba, don babu buƙata. Ƙugin motar abokina yana isa wuri tun kafin a hango ta. Masu shanya a gefen titi su ja da baya, masu awaki su kore su, mai keke ya sauka gefe. Mun saba da haka, su ma mutanen ƙauyukan sun saba. Wasu su ɗaga mana hannu, wasu su bi mu da Allah Ya shirya.

To, sai aka yi min haihuwa da kaka, lokacin cirar gyaɗa. Ƙanina, wanda yake sana'ar sayar da motoci a Kano, ya zo suna. Muna zaune a majalisa ana shan rake, sai kawai muka ji sallama a bayanmu. Muka waiwaya, ga mota fara sol a tsaye, kusan ta taɓa bencinmu, ga ƙanina ya leƙo ta taga yana dariya. Babu wanda ya ji zuwanta. Mai shagon taki har da zubar da rakensa.

"Yaya, ga irin wadda kuke gani a waya," in ji shi. "Ba ta shan mai, ba ta shan baƙin mai. Kuma duk garin nan babu abin da zai bi bayanta."

Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce ta jawo komai. Ƙanina yaron kirki ne, amma bakinsa ba shi da birki.

Abokina ya tashi a hankali, ya goge hannu, ya zagaya motar. Ya durƙusa ya leƙa bayanta yana neman salansa, bai gani ba. Ya ce a buɗe masa gaba ya ga inji. Ƙanina ya danna wani abu, murfin ya ɗago. Abin da muka tarar a ciki shi ne ledar burodi da kwalin sabulun da ya kawo wa mai jego. Majalisa ta fashe da dariya, har da masu riƙe ciki.

"Ƙanina, ina injin?" in ji abokina.

"Babu irin wanda ka sani, Yaya. Batir ne shimfiɗe a ƙasa."

"To ai sai ka ce mana tocila ka kawo."

Washegari dariyar ta ƙaru, don motar tana buƙatar caji kuma babu wuta a gari. Sai da muka aro wani ƙaton janareta muka girke a ƙofar gida, ya wuni yana ɓaɓatu yana shan mai. 'Yan majalisa suka riƙa zuwa kallo ɗaya bayan ɗaya kamar masu dubiya. Mahaifiyata ta aiko a kira ni, ta ce, "Kun ce motar ba ta da ƙara. To wannan abin da ya hana ni jin kiran salla, na wace ce?"

Da abin ya tsaya a wasa, da yanzu ba ni da labarin ba ku. Amma kwanakin sunan nan gaba ɗaya a kan musu suka ƙare. Ƙanina ya zo da wayarsa yana nuna bidiyon yadda irin motar take barin manyan motoci a baya. Abokina ya ce duk haɗi ne na masu talla. Ƙanina ya ce nan da 'yan shekaru masu gyaran inji sai dai su koma faci. Abokina ya ce motar da ba ka jin numfashinta, ba ka canza mata giya, ba ta gaya maka inda ke mata ciwo, wannan ɗaukar ka kawai take yi kamar buhu. Sauran kuma suna gefe suna zuga. Ni ne a tsakiya. In na shiga gida ƙanina ya tare ni, wai me ya sa nake goyon bayan bare. In na fito abokina ya ce jini ya fi abota ke nan. Ga baƙi, ga hidimar suna, ga rashin barci saboda jariri. Na gaji tiɓis, har na fara addu'ar Allah Ya sa ƙanina ya tattara ya koma Kano.

Ana gobe zai tafi, magana ta yi zafi. Ƙanina ya ce, "Yaya, a daina dogon zance. Ga hanya can. Daga bakin gada zuwa tsamiyar nan ta kwanar Rogo."

Abokina ya miƙe tsaye. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ce, "Wallahi tallahi, in abar nan ta riga ni isa tsamiyar, ba zan ƙara tayar da motata ba har in koma ga Allah."

Masu zugar ma suka sunkuyar da kai, don a wajenmu rantsuwa ba abin wasa ba ce, kuma kowa ya san abin da motar take a wurinsa. Na ja shi gefe na ce, "Haba mutumina, da yaron da ka goya kake wannan? Ka janye, a yi wasa a tashi." Ya ce ya riga ya faɗa. Na koma wajen ƙanina na ce ya bari, ko kuma in an fita ya ɗan sassauta ƙafa. Ya ce shi bai iya ƙarya da mota ba. Mahaifiyata ta ji labari ta ce, "Kai ne babba, ka hana su." Na ce to. Na yi ta kai da kawo har bakina ya bushe, babu wanda ya saurare ni. A ƙarshe ni da aka ce in hana, ni ne na shiga gaban motar abokina na ja bel.

Bayan la'asar muka jeru a bakin gada. Gefen titi duk shanyar gyaɗa ce, kamar yadda aka saba a wannan lokacin. Mun yi maganar komai, wa zai tsaya a dama, wa zai ba da alama, amma babu wanda ya kawo zancen share hanya. Abin da ba mu taɓa yi ba ne, don haka bai ma zo mana a rai ba.

Abokina ya yi ta taka totur a tsaye, motar tana ƙugi har ina jin kujerar tana rawa a ƙarƙashina. Ta ƙanina tana gefe shiru kamar an kashe ta. Malamin makaranta ya ɗaga hularsa, ya sake ta.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Kafin abokina ya gama sa giya ta biyu, farar motar ta yi gaba kamar an fizge ta da igiya. Babu hayaƙi, babu kuka, tafiya kawai. Mu kuma injinmu yana ihu iyakar ƙarfinsa, kunnena har zafi yake. Na waiwaya na dubi abokina. Ƙafarsa tana ƙasa, ta kai ƙarshe. Sai na ga ya sauke ido kan maleji, ya sa yatsa ya ƙwanƙwasa gilashin, kamar mai zaton allurar ta maƙale. Ba ta maƙale ba. Motar tana gudun da ba ta taɓa yi ba, amma ta ƙanina sai ƙara ƙanƙancewa take a gabanmu.

A nan ne na lura da wani abu. Mutanen gefen hanya suna juyowa suna kallonmu, suna ja da baya, suna kore awaki, daidai yadda suka saba. Amma mu suke matsa wa. Ita waccan ta riga ta wuce su tun ba su ɗago kai ba. Ƙarar da muka dogara da ita tana nan tare da mu a baya, motar da ke buƙatarta kuma tana can gaba ita kaɗai.

Na buɗe baki zan yi magana, sai muka hango jan fitilun bayanta sun kama. Ta karkata, ta hau kan shanya, ta yi santsi a kan gyaɗar, ta juya gefe, ta gangara cikin wata gonar gero da aka riga aka girbe. Abokina ya taka birki. Ni dai salati kawai nake.

Da muka isa, ƙanina ya riga ya fito, lafiyarsa ƙalau. A bakin kwalta kuma ga wani dattijo zaune a ƙasa, ya rungume hannunsa na dama, manjagararsa ta faɗi can gefe. Madubin motar ne ya buge shi. Ya hau titi ne yana tattaro gyaɗar da ta watsu, bayansa yana fuskantar inda muke tahowa. Da ƙanina bai kauce ba, da wani labarin nake ba ku yau.

Muka durƙusa a gabansa muna ta sannu. Ƙanina yana kuka yana cewa, "Baba, ka yafe min, wallahi ban gan ka da wuri ba." Dattijon bai yi faɗa ba. Zufa ce kawai take keto masa. Ya dubi abokina, don shi ya sani, ya ce, "Ai na jiyo ka, ɗan nan. Tun daga gada na jiyo ka. Na ce da saura, bari in ƙarasa tattara wannan in matsa, kamar kullum. Ban san ka aiko wata a gaba ba."

Mutanen ƙauyen suka fara taruwa, wasu ransu a ɓace, kuma da gaskiyarsu. Abokina ya cire rigarsa ta sama ya ɗaure wa dattijon hannu, muka ɗauke shi muka sa a bayan motar abokin nawa, muka nufi asibiti. Ban taɓa ganin ya tuƙa ta haka ba. A hankali, yana lallaɓa totur don kada ta yi ƙugi, amma salansar da ya yanke da hannunsa ba ta san lallashi ba. Duk ramin da muka faɗa sai dattijon ya ce wash, duk ƙarar da ta yi sai abokina ya runtse ido. Tafiyar nan ta yi min tsawo ƙwarai.

Hannun ya karye, amma Allah Ya taƙaita. Aka zauna gaban mai unguwa, aka yi mana faɗan da ya dace da mu, aka ce kada a ƙara ganin tsere a hanyar. Ƙanina ya ɗauki ɗawainiyar jinya, mu kuma 'yan majalisa muka koma muka tsince gyaɗar da tayoyi ba su murƙushe ba, muka zuba a buhu. Ku yi tunanin manyan masana mota a tsugune a bakin titi suna tsintar gyaɗa, masu wucewa suna yi mana sannu da aiki. Farar motar kuwa shanun noma ne suka jawo ta daga gonar, don ƙasanta ya bugu kuma babu wanda ya yarda ya taɓa ta. A bayan babbar mota ta koma Kano. Dattijon ya ce ya yafe, kuma hannun ya warke, ko da yake an ce bai ƙara miƙewa sosai ba.

Sai maganar rantsuwa. 'Yan majalisa suka yanke hukunci nan take, wai abokina ne ya ci, tunda motar ƙanina ba ta isa tsamiya ba. Har da masu cewa ai ga amfanin ƙara nan an gani, mota mai shiru makashiya ce. Suka yi ta murna kamar an ba su kujerar Makka. Don a cire kokwanto ma, na ja shi muka je wajen limaminmu. Liman ya saurare mu, ya ce babu abin da ya hau kansa, sharaɗin bai cika ba, ko da ya cika ma akwai kaffara. Na ji daɗi. Na ce shi ke nan, an rabu da wannan.

Amma sati ya wuce, ba a ji motar ba. Wata ya wuce. Abokina ya koma zuwa gareji a kan wani tsohon babur. In an tambaye shi sai ya ce akwai ɗan abin da yake dubawa. Rannan na same shi shi kaɗai, na ce, "Wai me kake jira? Liman ya wanke ka, majalisa ta ba ka." Ya ce, "Kai fa kana cikin motar. Su ba su gani ba, kai ka gani." Na ce ai ba ta isa ba. Ya ce, "Ta isa mana. Tsohon nan ne kawai ya tare ta." Daga nan ya canza zance.

Majalisar ba watsewa ta yi rana ɗaya ba. A hankali ta riƙa raguwa, don babu fita hanyar Rogo, babu kuma wanda yake jin daɗin zancen inji a gaban abokina. Shi da ƙanina suna gaisawa in sun haɗu a biki ko jana'iza, gaisuwa mai tsawo irin wadda ake yi in babu abin faɗa. Ni kuma na rasa wurin zaman da na fi so a duniya, kuma ban san wanda zan ɗora wa laifi ba.

Na daɗe ina juya abin a raina. Mun yi shekaru muna cewa gudu muke so. Da gudun ya zo tsagwaronsa, sai muka tsane shi. Ina ganin abin da muke so shi ne a ji mu, a san mun taho, a matsa mana. A garin da ba kowa yake tambayar ra'ayinka ba, ba ƙaramin abu ba ne mutum ya taka totur unguwa guda ta waiwayo. Ƙanina kuma da ire-irensa suna ganin in abu ya fi sauri to magana ta ƙare, ba sa tambayar me hanyar ta saba da shi, ko me mutum zai rasa in aka gaya masa abin da ya iya ya zama tarihi. Shi ya sa in na ga kuna wannan musun, ba na jin haushin kowa. Gajiya kawai nake ji, don kowane ɓangare na taɓa zama kusa da shi.

Kwanakin baya na je gida, na biya ta garejin. Motar tana bayan shago, an lulluɓe ta da tamfol. Na ɗaga na leƙa, na zaci zan tarar da tsatsa da yanar gizo. Sai na gan ta fes, tayoyi da iska, inji a goge. Ashe har yanzu yana canza mata baƙin mai, yana ciro fulogi ya wanke ya mayar.

Na ce, "Mutumina, don Allah ko sau ɗaya. Ba sai ka fita da ita ba. Ka tayar kawai mu ji."

Ya tsaya yana kallonta, makullin ma yana rataye a ƙugunsa. Har na ɗauka zai yarda.

Ya ce, "In na murza, za ta tashi. Kuma ƙarar tana nan yadda ka san ta, babu abin da ya ragu." Ya ja tamfol ɗin ya rufe, ya ɗora dutse a gefensa. "Ni ne dai in na ji ta yanzu, ba zan yarda da abin da take faɗa ba."

Na raka shi ya rufe shago, ya goya ni a babur ya sauke ni a ƙofar gida.